Tsohon namijin barewa yana fitowa a kyamara da dare kawai

Assalamu alaikum. Ina farauta da kwari da baka a wata gona a jihar Ohio ta Amurka, kuma tun watan Agusta kyamarar da na ɗaure a jikin bishiya take ɗaukar wani namijin barewa mai farar wutsiya, wanda kaurin wuyansa da rassan ƙahonsa suka sa nake zaton ya kai shekara 5. A lokacin yana kiwo a gonar waken suya tun kafin magariba, amma da aka buɗe farauta a ƙarshen Satumba sai ya koma zuwa ƙarfe 2 na dare, alhali doka ta hana harbi idan an wuce minti 30 bayan faɗuwar rana.

Na sauya wurin zama sau uku, ina lura da inda iska take kaɗawa, na kuma rage zuwa duba kyamarar domin ina zargin warin jikina ne yake korarsa. Ƙananan mazan barewa suna wucewa ina ƙyale su, tunda namiji ɗaya kacal aka halatta a shekara.

Shin in matsa kusa da kurmin da yake kwana yanzu, ko in haƙura sai lokacin barbara a farkon Nuwamba?