Mai makaranta ya ce in fara koya wa 'yan firamare kodin, ta ina zan kama?

Malamar aji biyar:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Shawara nake nema, abin ya sha mini kai. Lissafi nake koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a nan Zariya. Makon jiya mai makaranta ya kira ni ofis ya ce daga wannan zangon ni zan riƙa koya wa 'yan aji huɗu zuwa shida kodin, wato yadda ake shirya manhajar kwamfuta. Hujjarsa kawai ni ce mai buga takardun jarrabawa. Ashe har ya sa a takardar talla, iyaye sun gani. Laftof shida gare mu, tsofaffi, biyu sai an jona suke kamawa. Aji biyar kaɗai yara 38 ne, darasin kuma minti 40 sau ɗaya a mako. Babu intanet, wuta kuwa kun san halinta. Ni kaina ban taɓa rubuta ko layi ɗaya ba. Ƙanena ya ce in fara da Python, wani yaren rubuta manhaja, na kalli bidiyo na minti goma na rufe.

Mai shirya manhaja, Kaduna:
Wa alaikumus salam Malama. Ki ajiye Python tukuna. Yaron da bai san inda harafi yake a kibod ba, minti arba'in ɗin nan wajen neman baka da waƙafi zai ƙarar da su, kuskuren harafi ɗaya kuma komai ya tsaya. Scratch za ki nema. Jami'ar MIT ta Amurka ce ta fitar da shi a 2007 domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16, kyauta ne, kuma akwai wanda ake saukewa ya yi aiki ba intanet. Sau ɗaya za ki sauke, ki zuba a filash ki raba wa sauran. Ba a buga umarni da hannu. Umarnin tubala ne masu launi, yaro ya jawo ya harhaɗa, ya danna koriyar tuta, magen da ke kan allo ta aikata abin da ya ce. Gwada wannan yau da dare: ki ƙaro tubalan alƙalami, ki sa alƙalamin ƙasa, sannan ki haɗa "maimaita sau 4, yi taku 100, juya digiri 90". Murabba'i za ta zana miki. Ke da ke koyar da kusurwa ai kin riga kin ci rabin aikin.

Tsohon hedimasta:
'Yata, ni kam ba zan ɓoye miki ba, wannan talla ce. Shekara talatin na yi a aji, na ga 'yan aji biyar da ba sa iya karanta sakin layi guda su faɗi abin da ya ƙunsa. Ingila da ake kwaikwayo ta sa darasin kwamfuta tun daga 'yan shekara biyar a 2014, amma fa ta yi tanadin horar da malamai. Mu nan sai a ɗora wa malama ɗaya a ce ta yi dabara. Tun da an riga an ɗora miki, ki nemi abu biyu a bakinsa tun yanzu: kada a taɓa lokacin karatu da lissafi, kuma kada ya karɓi kuɗin kwamfuta a hannun iyaye alhali yaro sau biyu zai taɓa ta a zango.

Malamin firamare, Katsina:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ni na yi wannan aikin shekara biyu da laftof huɗu, kuma ya yiwu. Makonni uku na farko ban ma kunna su ba.

Ranar farko na ce musu yau ni na'ura ce, ba ni da wayo, abin da aka ce kawai nake yi. Na ajiye kofi da cokali da ruwan zafi da ganyen shayi da sukari, na ce su rubuta mini yadda zan haɗa shayi. Wani ya rubuta "zuba sukari". Na ɗauki gwangwanin na yi ta zubawa ban tsaya ba, aji ya kaure da ihu, "Malam ya isa!" Na ce ai ba ku ce cokali nawa ba. Wata ta ce in zuba ruwa, ba ta ce a ina ba, na nufi kan tebur da shi. Daga ranar suka gane kwamfuta ba ta san nufinka ba, maganarka kawai ta sani. Kuskuren da suka yi ta gyarawa a takardunsu, shi ne aikin da masu shirya manhaja ke yini a kai.

Mako na biyu na tambaye su yadda ake alwala, abin da ko ɗan aji ɗaya ya sani. Akwai jeri, ba a fara ƙafa kafin fuska. Akwai maimaitawa, sau uku. Akwai sharaɗi: idan babu ruwa, a yi taimama. Abubuwa ukun nan su ne ƙashin bayan kowace manhaja, kuma da Hausa na yi bayaninsu kafin su ga sunayensu na Turanci. Mako na uku muka zana gidaje a ƙasa kamar na dara, yaro ɗaya ya tsaya a ciki, abokansa su rubuta masa gaba, gaba, hagu, har ya kai ga dutsen da aka ajiye. Wannan hanya ba ni na ƙirƙiro ta ba, akwai shirin CS Unplugged na Jami'ar Canterbury a New Zealand, darussansa kyauta ne. A ciki na samo wasan kati biyar masu ɗigo 1, 2, 4, 8 da 16, wanda yara ke ƙirga har 31 ta hanyar buɗe kati da kifewa. Kwalin indomi na yanka na yi nawa.

Maman 'yan biyu:
Ni ba malama ba ce, uwa ce. Malama don Allah ki sa ido kan rabon zama. A makarantar yarana namijin kullum yana da labarin abin da ya haɗa, macen kuwa sai ta ce ita kallo ta yi, maza sun riƙe linzamin kwamfutar, wato mouse. Sai da na je na yi magana.

Malamin firamare, Katsina:
Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Abin da nake yi, in raba aji biyu. Rabi na kan takarda suna tsara umarninsu, rabi na kan kwamfuta uku uku: mai riƙe linzami, mai karanta abin da suka tsara, da mai lura da kuskure. Duk minti shida in buga tebur su juya. Mako mai zuwa rabin su canza wuri. Sunan wanda ya riƙe linzami kuma ina rubutawa, don yara akwai musu.

Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari:
Malama ki sa mai makaranta ya sayi linzami mai waya guda shida, yara ba sa iya jan tubala da ɗan faifan shafawar nan. A cika caji tun daren da ya gabaci darasin, a rage hasken allo. Biyun nan masu mataccen batir a sauya musu, in ba haka ba ana ɗauke wuta aikin yaro ya tafi. Ki koya musu adana aiki da sunan rukuninsu tun ranar farko. Filash ɗinki kuma kada ya je shagon buga takardu, daga can ƙwayar cuta ke biyo shi.

Malamar aji biyar:
Na dawo da labari bayan sati huɗu, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Baba, na faɗa masa, ya amince ba za a taɓa lissafi ba, batun kuɗin kuma ya ce zai duba. Linzami huɗu ya saya. Wasan shayin ya ci mini rabin gwangwanin sukari. Jiya muka kunna Scratch, murabba'i ya fito wa kowa. Da na ce su zana alwatika duk suka sa juyin digiri 60, domin ita ce kusurwar alwatika da na koya musu, sai mage ta ƙi rufe zanen. Ni ma na yi tsaye ina kallo. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta tashi ta taka shi a ƙasa da ƙafarta, ta ce Malama juyin da na yi ya fi sittin. Muka gwada 120 ya rufe. Yanzu kuma 'yan aji uku sun tare ni a bakin ƙofa wai su yaushe. Akwai abin da ya dace da su?

Mai shirya manhaja, Kaduna:
Akwai ScratchJr na 'yan shekara 5 zuwa 7, hotuna ne zalla, amma na tablet ne, ba na laftof ɗinku ba. Bar su a wasan gidajen ƙasa wannan zangon. Manyan kuma ki ba su mai gefe biyar sati mai zuwa, kada ki faɗa musu 72, ki ce dai mage sai ta juya 360 kafin ta dawo inda ta taso. Yarinyar nan ki ba ta linzami.