Shirin Billions: abin da Axe ke yi laifi ne ko wayon kasuwa? Kuma zai yiwu a nan Legas?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Masu kallon Billions, shirin talabijin ɗin nan na Amurka kan masu juya kuɗi a kasuwar hannayen jari, sun rabu gida biyu a majalisarmu. Wasu na cewa Bobby Axelrod, wato Axe, ɗan kasuwa ne da ya fi kowa buɗe ido, hassada ce kawai ta sa mai gabatar da ƙara Chuck Rhoades ya sa shi gaba. Wasu kuma na cewa ɓarawo ne mai kwat. Masana, ina iyaka tsakanin samun labari kafin kowa da aikata laifi? Ta yaya mutum zai ci riba alhali farashi faɗuwa yake yi? Sannan irin wannan dambarwar za ta iya faruwa a kasuwar hannayen jari ta Legas?

Dillalin Marina:
Wa alaikumus salam. Ɗauki misalin ɗan tumatir a Mile 12. Idan ya buga waya Kadawa ya ji mota nawa aka loda jiya, ya lissafa cewa jibi kaya za su cika kasuwa, ya yi maza ya sayar da nasa yau, babu wanda ya zalunta. Haka nan wanda ya sa yaro ya zauna a bakin masana'anta yana ƙirga tirelolin da ke fita, don ya kintaci cinikin kamfanin kafin a fitar da rahoto. Wannan bincike ne, doka ba ta hana ba.

Laifin yana tabbata ne idan abu uku suka haɗu. Labarin bai fita ga jama'a ba, yana da nauyin da zai motsa farashi, kuma ya fito daga bakin wanda aka ba amanarsa, kamar darakta ko akanta ko lauyan kamfanin. A Amurka, tun hukuncin kotun ƙoli na 1983 a shari'ar Dirks, sai an nuna cewa wanda ya fitar da sirrin ya amfana da wani abu. Shi ya sa za ka ga Axe ba ya son a faɗa masa daga ina labari ya fito. Yana tambayar yaransa ko sun tabbata ne, ba ya tambayar wa ya gaya musu. Wannan ba ƙirƙirar marubuta ba ce, a nan shari'o'i da yawa suke rushewa.

Batun riba a faɗuwar farashi kuwa, ga yadda ake yi. Ka aro hannun jari 10,000 ta hannun dillali, ka sayar kowane ɗaya a kan naira 50, ka riƙe naira 500,000. Farashi ya sauko zuwa 35, ka saye su a kan 350,000 ka mayar wa mai su. Ragowar 150,000 taka ce bayan an cire kuɗin aro da ladan dillali. Inda ake karyewa shi ne idan farashin ya hau. Ya kai 80, sai ka nemo 800,000, ka tafka asarar 300,000, kuma hawan ba shi da rufi. Wanda ya saya ya ajiye, iyakar asararsa kuɗin da ya zuba. Wanda ya sayar da na aro ba shi da wannan kariya. Dillali zai riƙa kiransa ya ƙara jingina, in ya gaza a saye a madadinsa ko da wane farashi ne, sayen dolen nan kuma shi ke ƙara tura farashin sama. Haka ta faru da hannun jarin Volkswagen a 2008 da na GameStop a Janairun 2021.

A Legas akwai birki. Kasuwar hannayen jari ta NGX da ke titin Customs ba ta barin farashin hannun jari ya hau ko ya sauka fiye da kashi 10 cikin 100 a rana guda. Ka ga daga 50 zuwa 35 sai an yi aƙalla kwana huɗu ana ciniki: 45, sai 40.50, sai 36.45, sannan a isa. Rugujewar kamfani tsakanin azahar da la'asar da kake gani a shirin ba za ta yiwu a nan ba. Ba da aron hannun jari ma halal ne a ƙa'idar kasuwar, amma masu yi ba su da yawa.

Barista Obalende:
Malam Dillali ya gama da ɓangaren kasuwa. A ɓangaren shari'a, abin da masu kallo suka fi ruɗewa a kai shi ne lokaci.

An fara nuna shirin a tashar Showtime a 2016, ya ƙare a 2023 bayan zango 7, kuma sananne ne cewa ya ɗauko hasken labarinsa daga takun saƙar Preet Bharara, mai gabatar da ƙara na tarayya a Manhattan, da kamfanin zuba jari na SAC Capital, mallakar Steve Cohen. To duba yadda ta kaya a zahiri. Wani ma'aikacin kamfanin, Mathew Martoma, ya samu sirrin gwajin maganin cutar mantuwa daga wani likita a 2008, aka sayar da hannayen jarin kamfanonin maganin, Elan da Wyeth, kafin labari ya fita. Ribar da aka ci da asarar da aka kauce wa sun kai kimanin dala miliyan 275. Sai a 2014 aka same shi da laifi, aka ba shi shekara 9. Shekara shida ke nan tsakanin laifin da hukuncin. Kamfanin ya amsa laifi a 2013 ya biya dala biliyan 1.8, amma shi Cohen ba a taɓa gurfanar da shi da tuhumar aikata laifi ba, don Martoma ya ƙi ba da shaida a kansa.

Dabarar da Chuck ke bi ta gaskiya ce: a kama ƙaramin ma'aikaci, a nuna masa shekarun da ke jiransa, a yi masa tayin sassauci in ya yarda ya ɗauki na'urar naɗar murya ko ya tsaya shaida, a haka har a kai ga uban gida. In ƙaramin ya yi gum, tsanin ya karye. Raj Rajaratnam, wani mai kamfanin zuba jari da aka ɗaure shekara 11 a 2011, muryarsa da aka naɗa a waya da izinin kotu ce ta kayar da shi.

Inda shirin ya zarce hankali shi ne gidan Chuck. Matarsa Wendy tana aiki a kamfanin mutumin da yake bincike, albashinta na shiga gidansa. Janyewar fatar baki da ya yi yana ci gaba da juya shari'ar ta bayan fage, a zahiri ta isa lauyan wanda ake tuhuma ya nemi a yi watsi da ƙarar, shi kuma ya fuskanci ladabtarwa. A ganina masu cewa Chuck ne mai gaskiya ba su lura da kyau ba, dokar da ya taka ba ta gaza ta Axe ba.

A Najeriya hanyar daban ce. Hukumar SEC ce ke sa ido kan kasuwar a ƙarƙashin dokar zuba jari ta 2025 da ta maye gurbin ta 2007. Saɓanin kasuwa yana zuwa kotun musamman ta harkokin zuba jari, laifi kuma EFCC ko ofishin Antoni Janar ne ke kai shi gaban kotu, kamar Babbar Kotun Tarayya da ke Ikoyi. Ba mu da mutum goma sha biyun nan masu yanke hukunci a kotun Amurka da lauya zai tsaya yana motsa musu zuciya. Alƙali ɗaya ne, takarda yake bi. Yarjejeniyar amsa laifi don sassauci kuwa muna da ita, sashe na 270 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, kuma jihar Legas ta riga tarayya sa ta a dokarta tun 2007.

Hajiyar Idi-Araba:
Barista, ai mun ga namu Billions ɗin ba a talabijin ba. A Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka ci bankunan shi ne bashin da suka riƙa bayarwa a sayi hannun jari, jinginar kuma hannun jarin ne da kansa. Da kasuwa ta faɗi a 2008 sai bashi da jingina suka nutse tare. Cecilia Ibru ta bankin Oceanic ta amsa laifi a 2010, aka yanke mata wata shida, ta sallama kadarori na biliyoyin naira.

Ni zango na 6 ne bai yi mini ba. Da Axe ya bar fage Mike Prince ya maye gurbinsa, sai gabar ta yi sanyi, domin daɗin shirin shi ne mutum biyu da kowanne ya san lagon ɗan'uwansa. Dawowar Axe a zangon ƙarshe ce ta ɗan farfaɗo da shi.

Malamin Alaba Rago:
Ɗan Agege, ƙara wannan a muhawarar taku. Abin da dokar kasuwa ta yarda da shi ba lallai ne fiƙihu ya yarda ba. Sayar da hannun jarin aro yana cin karo da hadisin Hakim bin Hizam da ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa, ga kuma kuɗin da ake biya a kan aron, shi ya sa majalisun malamai masu kula da harkar kuɗi ta Musulunci suka hana shi. Tura farashi sama da tayin ƙarya don a ruɗi mai saye kuwa shi ne najashi, haramcinsa a fili yake. Mai son shiga kasuwar ya duba jerin NGX Lotus Islamic, inda ake tace kamfanoni: a cire masu giya da caca da bankunan ruwa, sannan a auna yawan bashin da ke kan kamfanin. Ana sake tantance jerin lokaci zuwa lokaci, don haka a duba na baya-bayan nan kafin a ba dillali umarni.