Neman kalma: me za mu kira tsarin da kamfanonin jiragen sama ke saka wa matafiya da shi?

Mai Gabatarwa: Assalamu alaikum. Jama'a a agaza min, gobe da ƙarfe 10 na safe zan shiga situdiyo. Shirin na kan yadda matafiyi zai zaɓi tsarin nan da kamfanonin jiragen sama da manyan otal-otal ke kira "loyalty program": ka yi rajista kyauta, duk tafiyar da ka yi a zuba maka wani abu a asusunka, in ya taru ka karɓi tikiti da shi ko a sauya maka kujera zuwa ta gaba. Na gama rubuta komai, suna kawai ya gagare ni. Fassarar da aka miƙo min cewa ta yi "shirin biyayya", ni kuwa ba zan faɗi wannan a rediyo ba. Sai kuma abin da ake tarawar, shi ma ina neman sunansa.

Ɗan Fassara: Wa'alaikumus salam. Biyayya ai ta ɗa ga iyaye ce, ko ta soja ga na gaba da shi. Kamfani ba ya ba fasinja umarni. Ki ce "shirin tara maki na matafiya", abin da ake tarawa kuma "maki".

Ummu Khalil: Gyara fa? Ka saya, a ƙara maka.

Ɗan Fassara: Gyara nan take ake ba da ita, kuma daga irin abin da ka saya. Wannan sai ka yi wata da watanni kana tarawa. Garaɓasa ma na yi tunaninta, amma ita ta ɗan lokaci ce, ta zo ta wuce.

Ummu Khalil: To tukwici. "Tukwicin matafiya." Ya fi daɗin ji a kunne.

Tsohon Malami: Salamu alaikum. 'Yata, kafin ki ɗauki "maki", ki sani ba Hausa ba ce, Turanci ne aka lanƙwasa. "Mil", da kamfanonin jirgi da yawa ke kiran abin tarawar da shi, shi ma haka. Shekara talatin na yi ina koyarwa, kuma abin da ke ci min rai ke nan: kowace sabuwar aba ta zo sai mu miƙa hannu ga Bature. Iyayenmu da suka ga jirgin sama ba su ari sunansa ba. Suka dubi jirgin da suka sani na ruwa, suka ce wannan na sama ne, wancan na ƙasa. Mu ma muna da kalmar auna tafiya tun zamanin fatake: zango. Matafiyi yana tara zanguna, kamfani ya saka masa. Sunan tsarin "ladan zango". Na daɗe da ƙirƙiro wannan, kuma ban ga inda ya gaza ba.

Mai Tikiti: Baba, Allah ya ƙara girma. Sayar da tikiti ne aikina, bari in faɗi inda zango zai ba mu matsala. A harkar jirgi, zango yana da wurinsa daban. Wanda ya tashi daga Alƙahira ya sauka Istanbul, ya sake hawa wani jirgin zuwa Landan, zango biyu ya yi. Akwai kamfanonin da ke ƙirga yawan zangunan nan kafin su ɗaga maka matsayi. In Hajiya ta kira abin tarawar da zango, me za ta kira ainihin zangon?

Na biyu kuma, kuma wannan ne ya fi muhimmanci ga mai sauraro: abin ya daina bin nisan tafiya a wurare da yawa. Lokacin da American Airlines ya fito da tsarinsa mai suna AAdvantage a 1981, nisan da ka yi a sama ake ƙirga maka. Amma Delta da United tun 2015 suka koma duba kuɗin da ka biya na tikiti, American ya bi su a 2016. Mutum biyu kujera kusa da kujera, tafiya ɗaya, ɗaya ya tara ninkin na ɗayan saboda tikitinsa ya fi tsada. Wasu ma ba su hau jirgi ba, da katin banki ko kwana a otal suke tarawa. Duk sunan da ya sa mutum ya ɗauka nisa ne ake biya, ya ɓatar da shi.

Ɗan Fassara: Wannan ya kashe "mil" ma ke nan.

Mai Tikiti: Kusan haka. Shi ya sa wasu kamfanonin suka raɗa wa nasu suna dabam. British Airways da Iberia suna cewa Avios, Qatar Airways ma ya koma Avios a 2022. Otal-otal irin Marriott Bonvoy da Hilton Honors dama ba ruwansu da mil.

Ɗan Nijar: Mu a nan kilomita muka sani. In ta ce "mil", wanda ya yi boko da Faransanci dubu zai ji. A bar shi kawai.

Ustaz: Ni "lada" ce ban so ba, Baba. Lada wurin Allah ake nemanta. A ce mutum ya tara lada a kamfanin jirgi, kunnena bai karɓa ba.

Tsohon Malami: Ustaz, ladan aiki fa? Wanda ya ɗaukar maka kaya ba ladansa kake ba shi ba? Kalmar tana da faɗi. Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Ku duba wasu al'ummomin. Saudia ya sa wa nasa Alfursan, mahaya dawaki, da Larabcinsu. Kenya Airways ya ce Asante, godiya da Suwahilanci. Habashawa suka ɗauko sunan Sheba daga tarihinsu. Ba wanda ya ji kunya. Mu da muke da miliyoyin masu magana da harshenmu, kalma ɗaya ta gagare mu sai mun ce "maki" kamar 'yan firamare ranar ba da sakamako?

Ɗan Fassara: Baba, da girmamawa, a ƙarasa sunayen. Asante Rewards ne, ShebaMiles ne. Rabin kowanne Turanci ne. Kuma waɗancan sunayen kasuwanci ne, mu sunan abin gaba ɗaya muke nema. Sannan in aro laifi ne, "labari" daga Larabci ta zo, ba wanda ya taɓa cewa a kore ta.

Tsohon Malami: Labari ta yi ɗaruruwan shekaru a bakinmu. Kada ka haɗa ta da ta jiya.

Ɗan Fassara: Ita ma ai wata rana baƙuwa ce. Me ya sa aron Larabci yake zama ɗan gida, na Turanci kuma ya dawwama a baƙo?

Ummu Khalil: Gaskiya ni ina bayan Baba a nan. Ku masu fassara kun cika son sauƙi. Abin da kuka faɗa a rediyo shi yara ke ɗauka, in ba ku gwada sabuwar kalma ba wa zai gwada? "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" ai wani ne ya fara faɗa.

Ɗan Fassara: Kuma yau mutum nawa ke faɗinta in ba a takarda ba? Kwamfuta kowa ke cewa.

Tsohon Malami: Saboda irinku sun yi mata riƙon sakainar kashi.

Mai Gabatarwa: Don Allah a yi haƙuri, dare na yi. Baba, ina jin zafin da kake ji, ni ma harshen nan da shi nake ci da shi nake sha. Amma bari in faɗi abin da ya sa na tsaya kan batun. Akwai wani kamfani da na yi shekara biyu ina tarawa a wurinsa, ina lissafin na kusa samun tikiti. Ranar da na buɗe asusun na tarar da fiye da rabi ya ɓace, wai wa'adinsa ya cika, ba kuma wani saƙo da na gani daga gare su. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Shi ya sa nake tsoron "tukwici" da "lada". Duka biyun suna sa mutum ya ji abin ya zama nasa, ba mai karɓewa. Alhali kamfani ne ke riƙe da shi, shi ke yanke darajarsa, yana iya wayar gari ya ce tikitin da ake karɓa da kaza yanzu sai an ƙara. Ina son kalmar da ba za ta yi wa mai sauraro alƙawarin da babu shi ba.

Mai Tikiti: Hajiya, to maki ne ya dace da ke, don maki ba kuɗi ba ne, kuma kowa ya san mai bayarwa ne ke tsara shi. Sai dai ki raba shi biyu, don nan mutane ke ruɗewa. Akwai makin kashewa, wanda ake canzawa da tikiti. Akwai makin matsayi, wanda ba a kashe shi, aikinsa ya kai ka matakin azurfa ko zinariya, inda ake ƙara maka nauyin kaya, ka shiga jirgi da wuri, ka zauna a falon jira na musamman. Emirates Skywards yana da duka biyun, Flying Blue na Air France da KLM kuma yana kiran na matsayin XP.

In za ki ba da shawarar zaɓi, ki fara da ƙawance, wato ƙungiyoyin haɗin gwiwar kamfanonin jiragen sama. Star Alliance an kafa ta a 1997, Turkish Airlines da Ethiopian da EgyptAir da Lufthansa duk suna ciki, to katin ɗaya zai iya tara maka a sauran. Oneworld ta zo a 1999, a nan Qatar da British Airways da Royal Air Maroc suke. SkyTeam a 2000, a nan Air France, KLM, Saudia da Kenya Airways suke. Emirates ba ya cikin ko ɗaya. Mutum ya duba jiragen da ya fi hawa, ya riƙe tsari ɗaya a ƙawancensu, maimakon ya watsa makinsa a asusu biyar ba wanda zai kai ko'ina. Sannan ya tambayi wa'adi: na Delta da United ba ya mutuwa, na wasu kuwa shekara uku ne. Kuma ki jaddada cewa tikitin maki ba kyauta ba ne ɗungurungum, haraji da wasu kuɗaɗen kamfani suna nan sai an biya, kujerun da ake warewa ma ba su da yawa.

Mai Gabatarwa: Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan karanta: "tsarin tara maki na matafiya", da "makin kashewa" da "makin matsayi". Abin da aka karɓa a ƙarshe, tikiti ko kwanan otal, shi zan kira tukwici, Ummu Khalil kin samu naki. Baba, zango zan yi amfani da shi a inda Mai Tikiti ya ce, wato kowane hawa da sauka.

Ɗan Fassara: Sunan ya yi tsawo, amma ba ƙarya a cikinsa. Bayan ambato na farko ki riƙa cewa "tsarin maki".

Ustaz: Ya yi.

Tsohon Malami: Ban yarda da maki ba, kuma ba zan rubuta shi ba. A nawa rubutun ladan zango zan ci gaba da sawa. Amma shirinki ne, 'yata, Allah ya ba da sa'a, zan kunna in ji. Ki dai cire "falon jira" ɗin nan, zaure muke da shi.