Jerin kayan da kuke yabawa: shawara ce ko dillanci?

Abban Sadiq: Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ina haɗiye maganar nan, yau dai sai ta fito. Wannan jeri na littattafai da kaya da aka ce wai "mutanen gari sun gwada sun yaba", don Allah wa ya gwada su? Abu biyu na saya daga ciki a wata guda. Na farko fawa bank mai 20,000 mAh, wanda mutum goma sha ɗaya suka yi ta zuzutawa. Batirin wayata 5,000 ne, ko ɗan firamare ya san caji huɗu ke nan. Ban taɓa ganin huɗun ba. Na biyu littafin koyon tattalin kuɗi da aka kururuta kamar shi zai raba mu da talauci. Da ya iso na ɗauka takardar garanti aka haɗo min. Shafi 44, rabinsa "ka tashi da wuri, ka rage kashe kuɗi". To ai na rage, tunda na miƙa muku. Maganata ɗaya ce: masu ba da shawarar nan dillalai ne kawai. Wanda ya ji haushi ya biya ni kuɗina.

Kamalu: Wa alaikumus salam. Yau akwai kallo.

Maman Iklima: Abban Sadiq, kowa ya san ni na fara kawo littafin nan, ba sai ka yi min habaici ba. Ni ce dillaliya? Na karanta abu, ya amfane ni, na faɗa wa 'yan'uwana, shi ne laifin? Allah ya isa tsakanina da duk wanda ya ce na ci ko sisi a kai.

Abban Sadiq: Hajiya ban kama sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Nura Ɗan Baba: Ku dakata tukuna. Shi yana jifa da kalmar, ita tana kaucewa kamar an watso mata ruwan zafi. Me dillali ya yi muku? Mahaifina dillali ne, da la'ada ya ciyar da mu, da ita ya biya min makaranta har na gama. Yaushe dillanci ya zama zagi?

Abban Sadiq: Ɗan'uwa ba mahaifinka nake nufi ba.

Nura Ɗan Baba: Sana'arsa kake nufi, ai duk ɗaya ne. Dillali yana tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa ido na ganin ido. Kowa ya san yana da la'ada, ba a ɓoye take ba. In kaya ya fito da aibi shi ake fara nema, shi zai bi sawu har a warware cinikin ko a yi ragi. Na sha ganin Baba ya fita da dare a kan kayan da ba nasa ba, don kawai sunansa na ciki. Mutum goma sha ɗayan da suka yaba maka fawa bank, wa ya taso ya bi maka haƙƙinka? Babu. To kiransu dillalai cin mutuncin dillalai ne.

Zainabu Auta: Yaya Nura ya zo kare Anti, ya ɓuge da ƙara mata nauyi.

Nura Ɗan Baba: Ni ba wanda na zo karewa sai Baba.

Injiniya Bashir: Kafin a yi nisa, lissafin fawa bank ɗin nan ba haka yake ba. 20,000 da aka rubuta a jiki ƙarfin batiran ciki ne a kan bolt 3.7, wato wat-awa 74. Shi kuma yana fitar da wuta ne a bolt 5, to tun a nan ya koma 14,800 a takarda. Sannan wajen ɗaga wutar ana asara, wajen shigarta waya ana asara, zafin da kake ji a bayan waya lokacin caji wutarka ce ke tafiya. Shi ya sa kamfanonin kirki ke rubuta lamba ta biyu da ƙananan baƙaƙe, wajen 12,000 ko 13,000. Duba ƙasan naka. Sau nawa yake cika maka wayar?

Abban Sadiq: Uku. Wani lokacin uku saura kaɗan, in ina dannawa.

Injiniya Bashir: To lafiyarsa ƙalau. Da na bogi ne da ko biyu ba za ka gani ba. Ka ɗora shi a sikeli ma, mai 20,000 na gaskiya yana haura gram 300.

Zainabu Auta: Injiniya, ba kai ne na uku a cikin masu yabon ba?

Injiniya Bashir: Ni ne. Bolt 3.7 ɗin ma ni na ƙirƙiro shi?

Abban Sadiq: To me ya hana ɗayanku ya faɗi haka kafin in saya? Kowa "yana da kyau wallahi", "ka saya ba za ka yi nadama ba". Sai da kuɗi ya fita sannan ilimi ya fito.

Maman Iklima: Ni dai har yanzu ina jiran a janye kalmar nan.

Nura Ɗan Baba: Ni ma ina jira, amma ba don dalilinki ba Hajiya.

Zainabu Auta: Anti ki yi haƙuri, tambaya ce ba rashin kunya ba. Linkin da kika sa na littafin, na duba wutsiyarsa, akwai wasu baƙaƙe da lambobi a ƙarshe. Irin wannan alamar ce shagunan intanet ke gane wanda ya turo mai saye, su ba shi kasonsa. Ba sabon abu ba ne, Amazon tun 1996 take da tsarin. Mai saye ba a ƙara masa komai, shagon ne ke cirewa daga ribarsa. Ban ce naki ba ne fa.

Maman Iklima: Yarona ne ya turo min, ni ban san wata wutsiya ba. Ni da ko hoto sai an nuna min yadda ake turawa.

Kamalu: Ashe dillalin yana cikin gida.

Maman Iklima: Kamalu ka kiyaye ni. Ba sa'arka ba ce ni.

Abban Sadiq: Biri ya yi kama da mutum. Ruwa ba ya tsami banza.

Injiniya Bashir: Ba kowace wutsiya ce ta kamasho ba. Wasu na ƙididdiga ne kawai, don shago ya san daga ina mutane ke shigowa. Zainabu ki turo mu gani.

Zainabu Auta: An goge saƙon.

Maman Iklima: Na goge ne don kada wani ya sake saye ya zo ya zage ni.

Malama Rabi: Ni abin da ya tsaya min daban ne. Kuna ta cewa littafi, littafi. Shafi 44 ba littafi ba ne. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yanke tun 1964: abin da za a kira littafi sai ya kai shafi 49, ban da bango. Daga shafi 5 zuwa 48 ƙasida ce. Don haka jerin ma da kuskure aka rubuta shi, a cire shi daga layin littattafai.

Maman Iklima: Yana hannuna yanzu haka. In an haɗa da bango gaba da baya, 48 ne.

Malama Rabi: Na ce ban da bango. Kuma ko da bangon saura ɗaya.

Nura Ɗan Baba: Malama, UNESCO ce za ta gaya mana abin da ake kira littafi? Ƙananan littattafan da muka fara karatu da su fa, waɗanda ba su kai tafin hannu ba? Duk ƙasidu muka yi ta haddacewa?

Malama Rabi: Don ƙididdiga aka yi ma'aunin, ba don a raina karatun kowa ba. Amma mai sayarwa da ya san abinsa siriri ne ya ɗauki hotonsa ta gaba kawai, ya ƙi rubuta yawan shafi, ya san abin da yake yi. Ni kafin in sayi littafi abu uku nake dubawa: yawan shafi, shekarar bugu, da sunan maɗaba'a. In babu ko ɗaya, na wuce. Taurari biyar ba sa gaya min komai, musamman in duk masu yabon jimla ɗaya suka rubuta.

Kamalu: Tunda ba shi da yawa, wani ya ɗauki hotonsa ya turo mana PDF mana, mu ma mu yi hukunci.

Malama Rabi: Ka ji irinta. Ana maganar wanda ya ci kamasho, kai kana shirin cinye guminsa gaba ɗaya. Marubucin bai yafe maka ba.

Kamalu: Ke kika ce ba littafi ba ne.

Malama Rabi: Ƙasida ma da mai ita.

Kamalu: To wanda ya ara a hannun Hajiya ya karanta fa, shi ma ɓarawo ne?

Malama Rabi: Aro guda ɗaya ne ke yawo, in yana hannunka ba ya hannunta. Naka kuwa mutum ɗari za su samu a minti ɗaya, kowa da nasa.

Malam Habu: Jama'a a yi sassauci. Dillanci halal ne, la'ada halal ce in an san da ita. Abin da aka hana shi ne najashi, mutum ya riƙa ƙara wa kaya kuɗi alhali ba saye zai yi ba, don wani ya ruɗu ya faɗa. Malamai sun haɗa da mai zuzuta kaya da abin da babu a cikinsa. To tambayar da kowa zai yi wa kansa: na gwada abin nan da na yaba, ko gani na yi ana yabo na bi sahu?

Abban Sadiq: Allah ya saka da alheri Malam. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Nura Ɗan Baba: A'a, ba shi ka faɗa ba. Kai dillalai ka ce. Malam ya wanke dillalai tas.

Maman Iklima: Malam ni na karanta nawa daga farko har ƙarshe.

Kamalu: Shafi 44, ai ko kafin shayi ya huce.

Zainabu Auta: Ni wallahi ban gwada fawa bank ɗin ba, na ga Injiniya ya yaba ne na sa hannu. Gaskiya ɗaya ce.

Abban Sadiq: Kun ji ko? Saura goma.

Injiniya Bashir: Wannan matsalar ba a kanmu aka fara ba. Amazon da kanta ta hana yabon da ake yi don an ba mutum kaya kyauta tun 2016, a 2021 kuma ta kori tamburan kamfanonin Chaina wajen 600 saboda sayen yabo. A Amurka hukumar kula da ciniki ta fitar da doka a 2024 mai cin tarar masu yabon ƙarya. Su ma can abin da suke nema shi ne in kana da kaso ka faɗa. Mu sa wannan ƙa'idar mu huta: duk mai kawo kaya ya rubuta tun yaushe yake amfani da shi, aibinsa ɗaya, kuma ko yana da wani abu a ciki.

Nura Ɗan Baba: Wato ku koma yin yadda dillalai ke yi.

Maman Iklima: Nura, in ka sake haɗa ni da kalmar nan zan fita.

Nura Ɗan Baba: Hajiya, Baba ya fi shekara talatin a sana'ar nan ba a taɓa kai shi gaban kowa ba. Ba ki da abin gudu a ciki.

Alhaji Shugaba: To ya isa haka, na karanta komai daga sama har ƙasa. Ga abin da aka tsayar. Injiniya ya tabbatar fawa bank lafiyarsa ƙalau, rashin sanin lissafi ne ya kawo ƙorafin. Littafi kuwa kowa da abin da yake so, wani ya amfana, wani bai amfana ba, kuma ba a auna ilimi da yawan shafi. Maganar linki babu hujja, tunda ba wanda ya nuna mana komai. Hajiya mutuniyar kirki ce, ta daɗe tana yi wa jama'a hidima ba ta taɓa neman ko godiya ba, ya kamata Abban Sadiq ya ba ta haƙuri. Shawarar Injiniya ta sabuwar ƙa'ida za a duba ta nan gaba in an samu lokaci. Jeri yana nan yadda yake. Kamalu kuma wannan gargaɗi na ƙarshe ne.

Zainabu Auta: Baba Alhaji, ba a nuna ba ne saboda an goge.

Abban Sadiq: Alhaji, da ka fara da gaya wa sababbin shigowa cewa Hajiya ƙanwarka ce uwa ɗaya uba ɗaya, sai a san yadda za a karanta hukuncin.

Alhaji Shugaba: Wannan bai shafi maganar ba.

Malama Rabi: A dai mayar da shi layin ƙasidu.

Abban Sadiq: Shi ke nan. Littafin na bar wa Sadiq ya yi zane a bayansa. Fawa bank kuma na sayarwa ne, caji uku, saura kaɗan in kana dannawa, ban ɓoye komai ba. Nura ka nemo min mai saye, la'adarka tana nan.

Nura Ɗan Baba: Ka janye kalmar tukuna, sannan ka turo hotonsa gaba da baya.