Jeri ɗaya gare ni mai ƙarfi, shugaban kilan kuma ya ce ranar Lahadi zai kore ni

Ɗan Badariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu buga Clash Royale, wasan nan na waya da ake faɗa da katuna, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Na fara wasan nan lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata takwas muna zaune gida a Birnin Kebbi, babu aikin fari balle na baƙi. Ɗan ƙanen babana ne ya sa mini shi a wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, wadda sai ka danna gefen hagu da ƙarfi kafin kati ya sauka. Shi tuni ya daina, ya yi aure, yana harkar shinkafa. Ni na ci gaba. Duk zinariyar da na samu tun daga lokacin kati takwas kawai na zuba wa: Mega Knight, Hog Rider, Balloon, Wizard, Valkyrie, Fireball, Log da Zap. Duka suna mataki na 14, kuma da su na kai inda nake.

Matsalar yaƙin kilan ce, wato karawar da ƙungiyarmu ta 'yan wasa ke yi da wasu ƙungiyoyin. Jeri huɗu ake so, kowanne kati takwas, kati ɗaya kuma ba ya shiga jeri biyu, wato kati 32 daban-daban. Na farkon ina ci da shi, sauran ukun kamar na aika yara gona ba fartanya. Shugabanmu ya sa doka: wanda bai kawo maki 2,400 daga Alhamis zuwa Lahadi ba, waje. Mako biyu ke nan ina tsayawa a 2,000. Mutumin nan tare muka tara kilan ɗin tun muna mu tara, yanzu da muka cika 50 ni ne abin kora. Yaya zan yi?

Oga Na Jega:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ciwonka a fili yake, ka tara manyan gida duka a ɗaki ɗaya ka bar sauran ɗakunan da ƙofa buɗe. Yi lissafi: cin wasa maki 200 ne, faɗuwa 100. Ci ɗaya faɗuwa uku 500 ke nan a rana, kwana huɗu 2,000, daidai inda kake tsayawa. Ci biyu a rana kake nema, ba wani abu ba.

Fasa jerin nan yau. Hog da Balloon duk masu fasa hasumiya ne, me suke yi wuri ɗaya? Log da Zap duk ƙananan jifa ne. Kowane jeri ka ba shi mai fasa hasumiya ɗaya, ƙaramin jifa ɗaya, babban jifa ɗaya, masu harbin sama biyu, da abin da zai tare ƙaton kati, ko gini ko Mini P.E.K.K.A. Hog ya tafi da Log da Fireball da Valkyrie. Balloon ya ɗauki Zap da Mega Knight. Na uku Giant da Arrows da Poison, na huɗu Royal Giant da Barbarian Barrel da Lightning. Kuma inda ka sa Log ka tuna ba ya taɓa abin da ke sama, Minion Horde za su cinye ka kana kallo.

Ɗan Badariya:
Na gode yaya, amma jerin nan shekara uku ina buga shi, hannuna ya san shi ko ido rufe. In na fasa shi, ci ɗayan da nake da tabbas a kansa ma ya tafi.

Oga Na Jega:
Tabbas ɗin da ya kai ka bakin kora? Jerin ma nauyi gare shi, ka haɗa eliksa ɗinsa, wato abin da ake kashewa kafin a saki kati, 33 ne, sama da huɗu a kowane kati. Kuma har yanzu ba ka gaya mana matakin sauran katunanka ba. Giant ɗinka nawa ne? Musketeer fa?

Baƙauren Zamfara:
Ni dai abin da ya tsaya mani a rai zancen shugaban nan naku ne. Haka anka yi mani. Watan Satumba 2021 da anka katse layukan waya a Zamfara, makonni ban iya shiga ba, ko gaisuwa ba mu iya aikawa balle wasa. Ranar da sabis ya dawo na buɗe, na tarar sun kore ni, har da rubuta wai ba na da himma. Mutanen da na yi shekara ina ba kati kullum safiya. Tun sannan ban ƙara zama kilan ɗin da shugaba ba ɗan yankinmu ba ne. Ka baro su kawai, akwai wuri a namu.

Maman Hanif:
Ni ban yarda a raba gida huɗu ba. Kati takwas masu ƙarfi in ka watsa su, kowane jeri biyu zai samu, duka huɗun su zama ragwaye. Raba biyu kawai, huɗu-huɗu, ka cike da mafi dama-dama cikin sauran. Sai ka shiga karon nan na wanda ya fara cin biyu cikin uku. In ka ci biyu a jere 500 ne, ragowar jeri biyun ko ka faɗi 200, ka ga 700 a rana. Haka nake yi, da dare bayan yara sun yi barci.

Oga Na Jega:
Hajiya, da girmanki, wannan lissafin dokin rano ne. In ya faɗi ɗaya fa? Dole jeri na uku ya shigo, wanda kika ce a bari fanko. Kuma masu shiga karon nan galibi waɗanda suka shirya jeri uku ne cif. Ni ina wasan nan tun 2016 da ya fito, na ga tsohon yaƙin kilan, na ga wannan da aka kawo a 2020. Wanda bai gina jeri huɗu ba wahala kawai yake ɗagawa zuwa mako mai zuwa.

Maman Hanif:
Shi Lahadin nan ake maganar korarsa, kai kana zancen gini. Kafin Royal Giant ɗinsa ya girma ai an yi sadakar bakwai.

Malam Na Argungu:
Wai wannan ba karta ba ce? Ku ji tsoron Allah da lokacinku, samari.

Ɗan Badariya:
Allah gafarta Malam, ba caca ba ce, ba a sa kuɗi a ci na wani. Yaya Na Jega, Giant ɗina 11 ne, Musketeer 10, Royal Giant ban taɓa taɓa shi ba don ni ba na son katin, na raina masu buga shi. Kuma gaskiya ba duka laifin jerin ba ne. Jiya ina gaba da hasumiya ɗaya, saura daƙiƙa 40, eliksa na zuwa ninki biyu, na saki Hog a bakin gada, sai alamar sabis ta fito ja a tsakiyar allo. Kafin ta ɗauke, Golem ɗin mutumin da Night Witch a bayansa sun riga sun haye.

Mai Cajin Waya:
Wannan kam gaskiya ne. Kar ka buga yaƙi bayan isha'i, lokacin kowa ya hau intanet. Bayan asuba ka buga. Ni a shago nake yi kafin masu karɓar waya su fara zuwa, sai dai ranar da babu mai a janareta.

Oga Na Jega:
Sabis bai hana ka cin na farkon ba, sai sauran ukun yake kamawa? Ka raina Royal Giant, alhali kati ne na gama-gari da za ka roƙa a kilan kullum a ba ka, ya fi saurin hawa. Giant da Musketeer ma ana roƙonsu. Litinin zuwa Laraba ranakun gwaji ne, babu makin da za ka rasa. Ka ɗauki Hog, Musketeer, Cannon, Ice Golem, Ice Spirit, Skeletons, Fireball da Log, jerin da duniya ta sani da 2.6 saboda matsakaicin eliksa ɗinsa ke nan, ka koya.

Baƙauren Zamfara:
2.6 da Musketeer mataki na 10? Fireball ɗaya za ta kwashe ta. Kuma wanga jeri sai mai waya mai kyau da yatsa mai sauri, ba mai tsagaggen gilashi ba.

Ɗan Badariya:
Na canza wayar tun bara. Na ji duka, na gode. Zan cire Zap in kai jeri na biyu, in sa Arrows a wurinsa, amma Hog da Balloon ba zan raba su ba, don in an tare ɗaya ɗayan ke shiga. Wizard fa, in bar shi ko in mayar da shi wajen Giant?

Oga Na Jega:
Duk bayanin da na yi, Zap kaɗai ka ji?

Mai Cajin Waya:
Na Zamfara, kilan ɗin naku maki nawa kuke nema a mako? Akwai ƙanena da ke neman wuri.