Wai in wani kwaɗo ko tsuntsu ya ƙare a duniya, mu me ya shafe mu?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin abun ku fahimtar dani, na ga ana cewa wani rahoton masana da ya fito a 2019 yace halittu kusan kala miliyan ɗaya ne ke fuskantar barazanar ƙarewa, dabbobi da tsirrai. Toh ni abinda ya ɗaure min kai, ai tun can da ma halittu suna ƙarewa, manyan dabbobin nan dainaso sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce kuma duniya bata tashi ba. Ga mutane na fama da yunwa da ciwo, meyasa za'a damu da wani ƙwaro ko kwaɗo? Ba musu nake ba wlh, so nake in gane.

Malam_Nazari:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in baka labarin ungulu a Indiya, in ka ji shi kai da kanka zaka amsa tambayarka. Da can ungulaye miliyoyi ne a ƙasar, saniya ta mutu kafin kace me sun sauka sun cinye sai ƙashi, kuma cikin ungulu yanada wani irin ƙarfi da yake kashe ƙwayoyin cutar dake cikin mushe, kaga shara suke kwashewa kyauta ba mai biyansu ko sisi. Sai a shekarun 1990 aka fara yiwa shanu wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac, saniya ta mutu da maganin a jikinta ungulu taci sai ƙodarta ta lalace ta mutu. Cikin 'yan shekaru sama da kashi 95 cikin ɗari na ungulayen suka tafi.

Daga nan mushe ya dinga ruɓewa a fili, wasu na jefawa a rafi ruwan sha ya gurɓace, karnukan da basuda mai su suka samu abinci suka hayayyafa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai 2006 gwamnati ta hana baiwa dabbobi maganin. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta mutane kusan dubu 500 ne suka mutu tsakanin 2000 da 2005 sanadin rashin ungulu. Tsuntsun da mutane ke ƙyama fa, ba wanda ya taɓa lissafa aikin da yake yi sai da ya ɓace, abun har yanzu taɓa min zuciya yake.

Maganar dainaso kuma gaskiya ne duniya bata tashi ba, amma ai su sun tafi, kuma miliyoyin shekaru aka ɗauka kafin rayuwa ta dawo daidai. Yanzu kuma saurin ƙarewar ya ninka na da sau goma-goma har zuwa ɗaruruwa.

Ummu_Yara:
Malam Allah ya ƙara ilimi. Ni ta ɓangaren abinci zan ƙara, tunda yunwa ka ambata ƙanina. Kusan kashi uku cikin huɗu na kalolin amfanin gona suna buƙatar ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da jemagu da sauransu su ɗauki garin fure daga wannan fure su kai wancan kafin suyi 'ya'ya da kyau, musamman kayan marmari da kayan lambu. Hatsi dai iska ke masa wannan aikin, amma yaro bazai girma lafiya da hatsi zalla ba. A Sin ma a 1958 an sa mutane kashe ƙananan tsuntsaye masu cin hatsi, ashe su ke cin fari, fari suka yi yawa suka afkawa gonaki, wannan na cikin abubuwan da suka ƙara tsananta yunwar da ta kashe miliyoyi daga 1959 zuwa 1961.

Mai_Neman_Sani:
Subhanallah, na ungulun nan ban taɓa ji ba. Amma Yaya ai waɗannan duk masu amfani ne an sani, toh wanda ba'a san amfaninsa ba fa? Ba sai a kare masu amfanin kawai ba?

Dalibin_Kimiyya:
Yallaɓai matsalar kenan, bamu san wanne ne mai amfanin ba sai ranar buƙata. A shekarun 1970 wata cuta ta dinga tsumburar da shinkafa a ƙasashen Asiya, masu bincike a Filifin suka gwada dubban iri, a wata shinkafar daji daga Indiya aka samu mai jurewa, ciyawa ce kawai a idon kowa, da ita aka haɗa sabon iri. Maganin maleriya da ake sha yanzu daga ganyen tazargade aka ciro sinadarinsa, har masaniyar ƙasar Sin da ta gano shi, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015 akan haka. Sannan akwai wani kwaɗo a Ostareliya da macen ke haɗiye ƙwanta ta raini 'ya'yan a cikin tumbinta, tumbin ya daina fitar da ruwan narka abinci har sai ta amayo su da ransu, likitocin gyambon ciki sunso su gano yadda take yi amma a shekarun 1980 ya ƙare gaba ɗaya, binciken ya tsaya a nan.

Malam_Nazari:
Haka ne, kuma ba'a iya kare halittu ɗaiɗaiku su kaɗai, ƙudan zuma sai da furanni, furanni sai da ƙasa mai tsutsa da ƙwari a cikinta, shiyasa dajin da fadamar da bakin tekun ake karewa gaba ɗaya. Babban abinda ke cinye su shine share daji don noma da gini, sai kamun kifi da farauta fiye da kima, sai sauyin yanayi da gurɓata muhalli da magungunan feshi. A Kanada 1992 dole aka rufe kamun wani kifi a gaɓar Newfoundland saboda an kwashe shi ƙarƙaf, mutum kusan dubu 30 suka rasa sana'a lokaci ɗaya, kuma sama da shekara 30 kifin bai koma yawansa na da ba.