Musayar Waƙa Kan Fure Mai Ƙamshin Miski

Binta:
Yayyena ku matso ku ji damuwa,
Irin Malva moschata na shuka da daɗewa,
Mai fure ruwan hoda, gwanin burgewa,
Mako uku safe da yamma ina ban ruwa,
Ko kore ɗaya ƙasa ta ƙi nunawa.

Malam Sani:
Ƙanwata, kwantar da hankali, yi haƙuri,
Ɓawon ƙwayar nan ne ke da tauri,
Ruwa ba ya ratsa shi da sauri.
Da kin goga shi a abu mai kaushi tun da wuri,
Kaɗan dai, kar a kai ga cikin iri,
A jiƙa dare guda, a rufe da ƙasa kamar barbaɗen gari.

Hajiya Rabi:
Malam ya yi gaskiya, sai dai da saura a maganarsa,
Yawan ban ruwan nan kan ruɓar da ƙwaya a ƙasa.
Ɗan Turai ne, bakin hanya da filin ciyawa ne gidansa,
Ƙasa mai tsane ruwa yake so, da rana a kansa.
Na taɓa cika wa nawa taki don tsabar ƙaunarsa,
Ya yi ganye jingim, iska ɗaya ta kwantar da karansa.

Binta:
Hajiya na ji, amma ga wata tambaya,
A tukunya na zuba su tun baya,
In sun tsiro, in dasa su ɗaya bayan ɗaya?

Hajiya Rabi:
Saiwarsa doguwa ce, 'yata,
Tana nutsawa can ƙasa, ba ta son a motsa ta.
Dasa shi yana ƙarami, da ƙasar da ta riƙe ta,
Tazarar santimita 40 tsakani ta wadata,
Gaba kuwa shuka inda zai zauna, ki huta.

Malam Sani:
Ban manta ranar da nawa ya buɗe na gani,
Tsayinsa wajen santimita 60 a gaban gini,
Ganyen sama a tsattsage, siriri kamar zaren zani,
Furen kashi biyar, kowane da ɗan gibi tsakani.
Na murza ganye, ƙamshin miski ya bi ni,
Da shi masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa sunan a 1753, bisa sani.
Ɗan'uwan auduga ne, duba furen za ki gaskata ni,
Yuli zuwa Satumba yake fure a Turai, ƙudan zuma ba sa barin wurin a wuni.

Baba Audu:
Ku bar tsoho ya sa baki, 'ya'yana,
Hunturu kan busar da kara, saiwa na ƙasa tana kwana.
Ba mai dogon rai ba ne, shi ya sa a lambuna
Furen ƙarshe ba ya haɗuwa da almakashina.
Ƙwayoyinsa kan jeru kamar zobe, su nuna,
Su zube da kansu, sanyi ya yi musu aikin da ya fi nawa kyau a ganina.
In kun ga ɗigon tsatsa a bayan ganye, ku tsinke ku ƙona.

Binta:
Baba, Hajiya, Malam, albishirinku da safiya!
Na rage ruwa, na bar tukunya a rana kwana tara lafiya,
Yau na durƙusa, sai ga 'yan ganye biyu masu siffar zuciya,
Ɗaya har da hular ɓawo a kansa, bai gama cire ta ba gaba ɗaya.